Lahadi, Ranar Godiyar Kaka

Tun asuba nake tsaye. Dami biyu na gero da kwano biyar na wake, Baban yara ya ɗaure a babur ya kai majami'a kafin ƙararrawar farko. Bana an samu, mun gode Allah. Gaban bagade ya cika da baiko, dawa da gyaɗa da riɗi, har da wani zakara da ya ƙi yin shiru lokacin addu'a, yara na ta ƙunshe dariya.

Da aka kira Zumuntar Mata muka miƙe cikin ankonmu, na gyara murya yadda na saba. Sai Maman Fasto ta matso ta raɗa mini, "Maman Auta, yau a bar wa Amarya ta ba da waƙa, ke ki riƙe mana tulu." Shekara 11 ni nake ba da waƙa a ikkilisiyar nan. Amarya kuwa wata bakwai ke nan da kawo ta garin.

Na karɓi tulun na shiga bugawa. Yarinyar tana da murya, gaskiya ɗaya ce, tsofaffi har guɗa suka yi. Ni ko tafin hannuna na kan bakin tulu, kunnena na jiran baiti na uku inda waƙar ke hawa, ko za ta shaƙe. Ba ta shaƙe ba. Sai na ji raina ya ɓaci don ba ta shaƙe ba, a cikin ɗakin Ubangiji, ranar godiya.

Ɗalibin nan na makarantar Baibul ta Tofa ne ya yi wa'azi, daga Yahaya sura 3. Almajiran Yahaya Maibaftisma sun zo masa da ƙorafi cewa jama'a duk sun koma wurin Yesu. Yahaya ya ce musu shi abokin ango ne, murnarsa ita ce ya ji muryar ango, dole ne Yesu ya ƙaru, shi kuwa ya ragu. Na sunkuyar da kai. Da aka tashi na tari Amarya a bakin ƙofa na rungume ta, na yaba mata sosai, na dawo gida ina jin na ci nasara a kan zuciyata.

Da la'asar na kai wa Gwaggo tuwo, na tarar tana ɓare gyaɗa a faifai. Ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Sau nawa kika yaba wa yarinyar nan?"

"Ban ƙirga ba, Gwaggo."

"Ni na ƙirga. Sau uku, duk inda mutane suka fi yawa. Kin bi ta gida kin faɗa mata ita kaɗai?"

Na yi shiru. Ta hure ɓawon da ke tafinta, ta ce, "'Yata, girman kai ba kullum yake sa babbar riga ba. Wani lokaci tsumma yake yafawa don a ce masa sannu."

Abin ya soke ni fiye da wa'azin. Na ce mata ai ban yi gunaguni ba, ban ƙi tulun ba. Ta ce ta sani. Daga nan ta ɗauko zancen mahaifinta, wanda na sha ji amma yau ne ya zauna mini. A asibitin kutare na Yadakunya ya ji bishara, zamanin Turawan mishan na ƙungiyar SIM, can ya koyi karatu. Da ya dawo shi ya fara tara mutane addu'a a gindin tsamiya. Da aka gina majami'a aka kawo mai bishara matashi, tsohon ya koma shara. Kowace Asabar sai ya matse tsintsiya tsakanin dungulmin hannuwansa biyu ya share ɗakin sujada tas, har ya rasu. Ta ce ba ta taɓa jin ya ambaci wanda ya fara ba.

Na tambaye ta ko abin bai dame shi ba. Ta ce, "Wa ya ce miki? Na sha jin kukansa cikin addu'ar dare. Amma da safe tsintsiyarsa yake ɗauka."

Auta ya dawo da ƙaya a ƙafa. Akuya ta sake shiga waken maƙwabta, gobe sai na je ban haƙuri.

Yanzu kowa ya yi barci. Ga littafin waƙoƙina a gabana, wanda na rubuta da hannuna shekara da shekaru, bangonsa duk ya sha manja, ban taɓa ara wa kowa ba. Na buɗe Filibiyawa 2, inda Bulus yake cewa kowa ya ɗauki ɗan'uwansa ya fi shi, na kasa wuce aya ta 3. Duk shekarun nan ina cewa waƙa nake yi wa Yesu, ban san rabon da nake yankar wa kaina a ciki ya kai haka ba.

Talata akwai koyon waƙa. Ina so in biya gidan su Amarya tun kafin mata su taru, in ba ta littafin ba mai gani. Sau biyu ina sa shi a jaka ina fitarwa. Yanzu dai yana ciki. Ku sa ni a addu'a.