Tarihin Rayuwar Yayoi Kusama, Kashi na 5: Shekarun Allura da Auduga

A makon jiya mun baro Kusama, mai zane 'yar ƙasar Japan, a New York tana zanen ragarta marar iyaka, farin fenti lanƙwasa bayan lanƙwasa. To, a 1962 sai ta ja keken ɗinki kusa.

Ba sutura take ɗinkawa ba. 'Yan jakunkuna ne dogaye masu siffar al'aurar namiji, kuma ita kanta ba ta taɓa ɓoye cewa abin da take nufi ke nan ba. Tun tana yarinya a garin Matsumoto na Japan mahaifiyarta kan aike ta leƙen asirin mahaifinta da matan da yake nema, abin da ya dasa mata tsoron saduwa da ƙyamarta. Ga kuma gane-ganen da suka fara mata tun tana wajen shekara 10, inda ɗige-ɗige ke mamaye ɗaki har su hau jikinta, ta ji kamar jikin ba nata ba ne. Dabarar da ta samo ita ce ta ƙera abin da take tsoro da hannunta, ta yi ta maimaita shi har ya zama tarkace.

Aikin kansa ba wuya, yawansa ne azaba. A yanka ƙyalle, a ninka, a bi gefe da keke a bar baki ɗaya a buɗe. A juye shi ɗinkin ya koma ciki, a cusa auduga, a kafa gindin a jikin kujera dab da na kusa da shi, har kujerar ta ɓace. Daga nan sai fenti, fari fat. Wanda ya taɓa cusa matashin kai ya san inda matsalar take: auduga ta yi kaɗan abu ya langaɓe, ta yi yawa ɗinki ya ɓarke. Fenti kuma yana sandarar da yadi, shi ya sa irin wannan aiki idan ya tsufa yake tsattsagewa a wurin lanƙwasa, farin ya koma ruwan ƙasa, ƙura ta maƙale a tsakani inda tsumma ba ya kaiwa.

Na farko da ta gama kujera ce mai hannu, Accumulation No. 1, wadda aka nuna a zauren baje zane na Green Gallery a 1962. Yanzu tana gidan adana zane na MoMA. Masassaƙi Claes Oldenburg na cikin waɗanda suka baje aiki a wannan nuni, kuma kafin shekarar ta ƙare ya fito da nasa sassaƙan na yadi masu laushi, sunansa ya tashi. Kusama ta daɗe tana cewa a wurinta ya gani. Masana na ja-in-ja a kai, amma dai shi aka yi wa tafi a lokacin.

A Disambar 1963 ta rufe kwalekwale sukutum da waɗannan ɗinke-ɗinke, Donald Judd, masassaƙi kuma maƙwabcinta a bene ɗaya, yana taya ta. Ta ajiye kwalekwalen a Gertrude Stein Gallery, ta manne hotonsa guda 999 a ɗakin, da na gaskiyar ya cika dubu. A nan ta fara gane cewa ba lallai sai hannu ne zai yi maimaicin ba.

Jiki kuwa ya riga ya gaji, don yawan aiki ya sha kai ta asibiti. Mafitar ta zo a 1965 a Castellane Gallery. Ta shimfiɗa ɗinke-ɗinken a ƙasa, wannan karon farin yadi mai jajayen ɗige-ɗige, ta lulluɓe bangon da madubai suna kallon juna. Madubi biyu da ke fuskantar juna suna ta jefa wa juna hoto, kowane juyi yana ɗan rage haske, har ido ya kasa gano ƙarshe. Abin da zai ci shekaru ana ɗinkawa, madubi ya ninka shi nan take. A ganinmu nan ne aikinta ya sauya baki ɗaya, domin mai kallo ma ya shiga ciki: ya ga kansa ɗari-ɗari a tsakiyar filin, ya ɗanɗani kaɗan daga ɓacewar jikin da take fama da ita tun ƙuruciya.

Mako mai zuwa za mu bi ta Venice ta Italiya a 1966, inda ta baza ƙwallaye masu sheƙi 1,500 a kan ciyawa, ta kama sayar da su dala biyu-biyu har masu shirya bikin baje zane na Venice Biennale suka hana ta.