Duro Ɗaya, Tarakta Huɗu

Garejina yana Kaduna, kan hanyar Zariya, an ɗan wuce Kawo kafin a kai Rigachikun. Tarakta huɗu gare ni: uku Massey Ferguson 375 ne irin haɗin Pakistan, ta huɗun kuma tsohuwar 165 ce da na saya a hannun maigidan da ya koya mini sana'ar. Haya muke yi. Manomi ya biya, mu je mu yi masa haro ko huɗa, da kaka kuma mu kwaso masa amfani a tirela. Da zarar ruwa ya zauna a ƙarshen Mayu, sai tsakiyar Yuli muke samun barcin kirki. Yau muna Igabi, gobe Soba, jibi a kira mu Saminaka wurin masu masara.

A da kowace tarakta da jarka biyu take fita, ta baƙin man inji da ta man giya, wani lokaci har da ɗan galan na sitiyari. Yanzu jarka ɗaya ce, kuma ba don son sauƙi na koma haka ba. Asara ce ta kai ni.

Wata damina direbana yana aiki a wani ƙauye bayan Soba, tiyon haidirolik ya fashe, mai ya tsiyaye a gona. Ya ɗaure tiyo, ya duba jarkar giya ya ga saura kaɗan, sai ya hau babur zuwa kasuwa ya sayo man giyar manyan motoci, mai lamba 140, mai kauri kamar zuma. Ya zuba. Washegari da asuba ya kira ni: "Oga, garma ba ta tashi sai da kyar, birki kuma in na taka sai ya riƙa gurnani." Da na isa na zaro geji, man yana bin ƙarfen yana jan zare. Ban yi masa faɗa ba, don ni ne ban taɓa zaunar da shi na yi masa bayani ba. Sai da muka juye wajen lita 40, muka wanke ragar famfo, muka yi kwana uku tarakta na tsaye, manoman da suka ba da kafin alkalami suna ta zarya a kanmu. A sana'ar nan kwana uku na farkon damina ya fi wata guda na rani tsada.

Abin da yawancin direbobi ba su sani ba shi ne, a irin waɗannan taraktoci giyabos da aksil na baya da famfon haidirolik duk a tukunya ɗaya suke shan mai. A 375 har fayafayan birki a cikin man suke jiƙe. Ke nan mai guda ake so ya yi aiki uku masu karo da juna: ya jure matsin haƙoran giya, ya yi ruwa-ruwa yadda famfo zai iya zuƙarsa da sanyin safiya, sannan ya bar birki ya kama ba tare da kakkarwa ba. Man giya mai kauri ya iya na farko kawai. Man injin mota kuwa yana gudu a famfo, amma ba a haɗa shi don birkin da ke cikin mai ba.

Wani tsohon bakanike a Panteka ne ya fara nuna mini duron da aka rubuta STOU a jikinsa. Ya ce, "Alhaji, wannan ka zuba a inji, ka zuba a baya, ka huta." Na ɗauka zancen 'yan kasuwa ne, sai da na koma na karanta bayan jarkar da kaina. Mai ne da aka haɗa musamman don ya yi wa injin gas aiki, ya yi wa giya, ya yi wa haidirolik da birki. Kaurinsa yawanci 10W-30 ne ko 15W-30 ko 15W-40. Ni mai 40 ɗin nake nema saboda zafin Maris da Afrilu, kuma injinan nawa sun tsufa. Sai na ga lambar Massey Ferguson M1144 a jiki, ko J27 ta John Deere, da GL-4 wadda take lambar man giya, sannan in biya kuɗi.

Akwai wani ɗan'uwansa da ke rikita mutane, UTTO. Shi na giya da haidirolik da birki ne kaɗai, lambobinsa su ne irin M1135 da J20C. Ba ya shiga inji, don ba a sa masa sinadaran da ke riƙe baƙin hayaƙin gas da kashe tsamin da ƙuna ke haifarwa ba. Na sha ganin mai shago ya miƙa shi yana cewa ai duk man tarakta ne. Ba duk ɗaya ba ne, kuma wanda ya yarda da shi injinsa ne zai biya.

Ba zan ce STOU ya fi kowane mai ba. Mai raba ƙafa ne. Man inji na musamman ya fi shi a inji, UTTO mai kyau kuma ya fi shi lallashin birki. Abin da ya saya mini shi ne kwanciyar hankali: yaro ba zai ƙara ɗaukar jarkar da ba ita ba da daddare a daji, da fitilar waya a baki. Duro guda na lita 208 nake saye kafin damina, ya fi sayen galan-galan arha, kuma na san inda ya fito. Wannan ma ba ƙaramin abu ba ne, don jabun mai ya yi yawa, a tace tsohon mai a ɗura a sabuwar jarka a manna takarda.

Sai dai mai iri ɗaya ba ya nufin juye lokaci ɗaya. Littafi ya ce inji a yi masa juye duk awa 250, ni ina yi a 200 saboda ƙurar haro da irin gas ɗin da muke samu a ƙauye, kuma kowane juye da sabuwar filta. Na baya yana kaiwa wajen awa 1,000, amma in mun yi aikin shinkafa a fadama nakan duba shi kowace safiya. In ya koma fari-fari kamar koko, ruwa ya shiga, babu jira. Abin da na fi hanawa shi ne ɗabi'ar nan ta kwashe man da aka juye daga inji a zuba a giyabos wai kada a yi asara. Tun da muka koma mai guda wasu yaran suka ɗauka an halatta musu. Man da ya sha toka da ɓarɓashin ƙarfe, in ya bi ta famfon haidirolik, cinye shi yake yi a hankali har garma ta fara sauka da kanta.

Wani abokina da ya sayi sabuwar tarakta mai kwamfuta ya tambaye ni ko ya bi sahuna. Na ce ya buɗe littafinta tukuna. Sababbin injina, musamman masu matatar hayaƙi a salansa, man da suke so daban ne, kuma in ya saɓa kamfani zai janye garanti. Shawarata ta masu tsofaffin ƙarafa ce irina.

Jiya muka buɗe duron bana. Na sa an wanke jarkoki huɗu an shafa musu jan fenti a wuya, kowace da mazurarinta a ɗaure cikin leda, don ƙurar da ke maƙale a mazurari ma cikin inji take ƙarewa. Direban nan na Soba shi ne yanzu yake riƙe da makullin sito, shi yake rubuta awar kowace tarakta a littafi. Ya ce 165 ta kai awa 190, ranar Asabar za a yi mata juye kafin ta tafi Igabi.