Alhamis a Damagaram: haƙorin ɗiyata, ƙunzugu da ɗan maƙwabciya

Alhamis, tsakiyar bazara.

Famfo ya kawo ruwa cikin talatainin dare. Maigida ne ya ji shi, ya tashe ni, muka cika randuna da jarkoki da babbar robar wanki kafin ya ɗauke. Duk wanda ya zauna Zinder, wato Damagaram, ya san wannan tashin. Garin bisa dutse yake, daga Gogo da Machaya da Arunguza ake turo mana ruwa, kuma idan zafi ya kankama wata unguwar sai ta daɗe ba ta ga ɗigo ba, sai dai ƴan ga-ruwa. Shi ya sa a nan ba a raba zancen ƙunzugun yaro da zancen ruwa. Mace ba za ta ce ta zaɓi na yadi ba sai ta san inda ruwan wankinsa zai fito.

Bayan sallar asuba na zauna wanki. Ƙunzugun da aka yi kashi a ciki, tun lokacin cirewa nake kaɗe shi a masai, in ɗauraye, in jefa cikin bokiti mai murfi. A zafin nan ba na bari ya wuce kwana. Da safe sai in zuba masa tafasasshen ruwa, in wanke da sabulu marar ƙamshi, in yi ta ɗauraya har kumfa ya ƙare. Wajen ɗaurayar nan ne ruwa ke tafiya, kuma a nan ne ba na yin rowa, don sabulun da ya saura cikin yadi shi ke cin fatar yaro. Ruwan ƙarshe kuwa da shi nake wanke masai. Shanya bisa igiya, a tsakiyar rana. Ba na shimfiɗawa a ƙasa ko cikin inuwa, saboda akwai wani ƙuda mai yin ƙwai a wuri mai damshin fitsari, tsutsarsa ta shige fatar yaro ta zama maruru. Da damina har guga nake bi da shi. Yau kam kafin in sauke kunu sun bushe ƙayau.

Ɗiyata tana wata bakwai, kuma haƙori ya taso ta gaba. Da daddare barcinta guntu-guntu ne, ta kama nono ta saki, ta kama ta cije. Miyau ya jiƙa mata gaban riga har haɓarta ta yi ja. Da hantsi na wanke hannu da sabulu na sa ɗan yatsa a bakinta. A dasashin ƙasa, daidai tsakiya, na ji kaifi. Da na ɗaga ta wajen haske sai ga shi, ɗan fari kamar ƙwayar shinkafa, na kusa da shi kuma wurinsa ya kumbura bai fasa ba tukuna. Raina ya yi fari ƙwarai, na kira babanta a waya na faɗa masa.

Abin da nake yi mata ba shi da yawa. In murza mata dasashin a hankali da yatsa, ita kuma ta danne shi da ƙarfi ta yi shiru, don matsawar nan tana rage mata ƙaiƙayin. Ina da ɗan farin ƙyalle da na ware don bakinta kaɗai. Nakan tsoma shi cikin ruwan da na tafasa na rufe a kofi na jingina jikin randa, in matse, in ba ta ta yi ta tsotsa. Da yake wutar lantarki ba ta da tabbas kwanakin nan, sanyin randa ya fi mini amfani. Cokalin ƙarfe mai sanyi ma yana yi. Haɓar kuma in goge, in shafa man kaɗe kaɗan. Sauran sai goyo da nono da haƙuri. Galibin yara wajen wata shida suke farawa, wasu su riga, wasu har su doshi shekara, kuma kafin haƙoran nono 20 su cika yaro ya kusa shekara uku. Tafiya ce mai nisa, ba abin da za a yi ta ɗura wa yaro magani a kai ba.

Wajen ƙarfe goma Inna ta shigo, mahaifiyar maigida, da ƴar kwalba cikin mayafi. Ta karɓi jikarta tana yi mata kirari, ta duba bakin ta ce, "Kai, amaryar haƙori! Ga bauri na jiƙa mata. Ki kuma samu zuma ki shafa a dasashin. In ya ƙi fasawa sai a kira wanzami ya ɗan taɓa wurin."

Na ce, "Inna, Allah ya saka da alheri, ya bar mana ke. Amma zumar nan a wajen awo sun hana a ba yaron da bai shekara ba. Akwai ƙwayar cutar da kan ɓuya a cikinta, cikin babba ya fi ƙarfinta, na jinjiri kuwa sai ta saki jikinsa har numfashi ya gagara. Batun aska kuma, Inna, ki duba da kanki, ɗaya ya fito ba wanda ya taɓa shi."

Ta sa yatsa ta ji, ta yi dariya, ta ce to a bar wanzami. Baurin na karɓa da hannu biyu na ajiye, na kuma gaya mata gaskiya cewa ba zan ba ta ba, tunda ban san ƙarfin saiwoyin ga ɗan ƙaramin ciki irin nata ba. Ba ta ji daɗi sosai ba, amma ba ta yi fushi ba. Ina girmama matar nan har cikin zuciyata. Ita ta koya mini man kaɗe. Ita ta koya mini zaunar da yarinya bisa ƙafafuna da ta tashi barci ko ta gama shan nono, in miƙe ƙafa a ƙasa, in ɗora ta tana fuskantata, fo yana ƙarƙashi. Yanzu sau da yawa kashin safe a nan take yi, ƙunzugu ya tsira, ruwa ya tsira. Ilimin tsofaffi ne wannan, babu shi a kwalin kowane kamfani.

Abin da ya fi ba ni tsoro ma ba na Inna ba ne. Maganin haƙorin nan ne na masu yawo da tire, na gari da na ruwa, wanda ba a san inda aka haɗa shi ba. A ƙarshen 2008 a Najeriya wani maganin haƙori na ruwa mai suna My Pikin ya kashe yara aƙalla 84. An samu wani sinadari a cikinsa irin wanda ake sawa a man birkin mota, ya lalata musu ƙoda. Iyayensu sauƙi suka je nema wa ƴaƴansu. Mu kuwa da Kano hanya ɗaya ce, ta Matamaye ko ta Magarya kaya ke shigo mana kullum. Ko a Amurka, hukumar magungunansu ta yi gargaɗi a 2018 kan man shafawa a dasashi mai kashe zafi, ta ce kada a sa wa ɗan ƙasa da shekara biyu. Idan ciwo ya hana yaro sakat, a je likita a auna nauyinsa a faɗi yawan farasitamol ɗin da ya dace da shi.

Na bar wa Inna jikarta na hau kabu-kabu zuwa Kasuwar Dole, tunda yau ce ranar babbar kasuwa, kuma ƙunzugun da nake da su sun fara yi mata kaɗan. Auduga tsantsa nake nema. Mai yadi ya yi ta miƙo mini masu santsi da sheƙi, na roƙe shi ya zare mini ɗan zare ɗaya ya kyasta ashana. Auduga takan ci wuta ta zama toka, mai haɗin roba kuwa sai ya narke ya dunƙule. Na farko ya dunƙule, na biyu ya yi toka, shi na saya. Fari na ɗauka, don a farin yadi ne ake ganin launin fitsari da na kashi da kyau. Kuma marar kauri, wanda za a ninka, domin mai kauri irin tawul yana shan ruwan wanki kuma da damina ba ya bushewa da wuri. Sabon yadi sai an wanke shi danƙon ya fita kafin ya fara tsotse ruwa. Na sawa a tsakiya kuwa ba abin da ya kai tsohon zanen da ya sha wanki laushi. Wandon roba sai za mu fita unguwa nake sa mata, don a zafin da ke wuce digiri 40 yana dafa fata. A gida ma nakan bar ta ba komai a kan tabarma ta sha iska.

Ba na zagin famfas. Ranar tafiya ina sa mata, ranar da famfo ya ƙi ma haka. Abin da ke damuna shi ne tsadarsa na sa uwa ta bar guda ɗaya a jikin yaro tun safe har yamma, tana jin asara ce ta cire bai cika ba. Sannan a dubi kwatocin unguwa da bakin tafkuna, a ga inda yake ƙarewa.

Da la'asar ina kwashe shanya sai maƙwabciyata ta yi sallama. Yarinya ce, haihuwar fari, ɗanta ya girmi tawa da wata biyu. Ta ce, "Yaya, ko kina da sauran maganin haƙori? Tun jiya yake gudawa, jikin kuma zafi rau. An ce mini haƙori ne."

Na karɓe shi. Yaron da na sani da tsalle-tsalle ya yi lakwas a hannuna. Idanunsa sun faɗa, maɗigarsa ta lotsa, leɓɓansa sun bushe, yana kuka ba hawaye. Na tambaye ta yaushe rabonsa da fitsari. Ta yi shiru, ta ce ba ta sani ba, famfas ɗin shanyewa yake yi. Muka buɗe. Ban da ɗan gudawa, sauran wurin a bushe yake, kuma tun hantsi ta sa masa. Na ɗauko ma'aunin zafi na sa a hammatarsa, ya wuce 39.

Gabana ya faɗi. Na ce, "Ƙanwata, wannan ba haƙori ba ne. Ɗauko mayafinki da katin awonsa."

Kalmar nan "haƙori ne" ta cuci yara da yawa a ƙasar nan, kuma ina faɗa da ciwo a raina. Haƙori na kawo miyau, da cizo, da rigima, da ƙin barci, wani lokaci jiki ya ɗan yi ɗumi. Amma zafin da ya kai 38, ko gudawa, ko amai, cuta ce daban da ta zo lokaci guda da shi. Dalilin haɗuwar kuwa a fili yake. A watannin nan ne kariyar da yaro ya samo daga cikin uwa ke raguwa, ya fara rarrafe, duk abin da ya tsinta sai baki, ga kunu da ruwa an fara ba shi. Sai cutar ta shiga, mu kuma mu duba baki mu ga haƙori mu ɗora masa laifi, a zauna gida ana jira ya fasa. Maɗigar da ta lotsa ma ruwan jiki ne ya ƙare, ba a gyara ta da shafe-shafe. Jinjiri mai lafiya yakan jiƙa ƙunzugu kamar sau shida a yini da kwana. Ni da na yadi nake aiki, hannuna ne ke ƙirga mini, ko ban yi niyya ba na san ranar da fitsarin ɗiyata ya ragu.

Ta ce sai ta tambayi mijinta. Na ba ta wayata ta kira shi, ya ce mu tafi zai same mu can. Inna da ke zaune tana jin mu ta ce, "Ku tashi maza, ni na riƙe wannan." Muka tari adaidaita, yana tsotson nono a hanya, don na ce kada ta cire shi ko kaɗan.

A likita suka huda masa yatsa don gwajin zazzaɓin cizon sauro, suka duba kunnensa da ƙirjinsa. Ma'aikaciyar ta haɗa ruwan gishiri da sukari na leda, leda guda a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ta nuna wa uwar yadda za ta riƙa ba shi da cokali kaɗan-kaɗan, in ya yi amai ta dakata minti goma ta ci gaba. Ta ba da ƙwayar zinki ta ce a ba shi kullum har ya ƙare, ko da gudawar ta tsaya. Maƙwabciyata kuɗi take tsoro, shi ma ya sa ta zauna gida tun jiya. Ba ta san cewa tun 2006 gwamnatin Nijar ta ce a duba yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta a likitocin gwamnati ba, ko da yake wani lokacin sai an sayo wani maganin a waje.

Suka riƙe shi suna kallo. Na dawo gida kafin magariba saboda tawa ta fara neman nono. Bayan isha'i mijinta ya leƙo ya ce yaron ya yi fitsari, ya kuma buɗe ido yana wasa da cokalin, amma an ce su dawo da shi da safe a sake dubawa. Alhamdu lillahi.

Gobe in Allah ya kai mu zan raka ta, daga nan in biya wajen tela da yadin. Zan ce ya yanka ya kalmashe bakin, ya ware mini wasu in ba ta, ta riƙa sa wa yaron da rana har ya warke, don ta riƙa ganin fitsarinsa.