Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Cikin Lungunan Zanzibar

Makon jiya mun tsaya a tashar jirgin ruwa ta Darussalam a Tanzaniya. Daga nan zuwa tsibirin Zanzibar tafiyar kamar awa biyu ce, jirgin kuma a bakin tsohon gari yake sauke mutum, inda masu garin ke kira Mji Mkongwe. Yawancin lungunansa mota ba ta shiga, sai ƙafa.

Kanumfari da hauren giwa da cinikin bayi ne suka raya garin, musamman bayan da Sarki Seyyid Said ya dawo da fadarsa nan daga Maskat ta Oman. A 1873 aka rufe kasuwar bayi, aka gina cocin Anglika a wurin. Barghash ɗan Seyyid Said ne ya gina Beit al-Ajaib a 1883, gidan da ya fara samun lantarki a tsibirin. A gaban gidan ne jiragen yaƙin Ingila suka yi wa fada ruwan wuta ranar 27 ga Agusta 1896, ba a cika awa ɗaya ba aka gama yaƙin.

Amma wanda ya shiga garin bai dubi bango ba, bai ga komai ba. Da dutsen murjani na teku aka yi ginin, aka haɗa shi da farar ƙasa. Dutsen yana shan ruwa, farar ƙasa kuma tana barinsa ya bushe. Sai mai gida ya ga tsaga ya shafe ta da siminti don sauri. Shi ke nan, damshi da gishiri sun maƙale a ciki, shafen ya kumbura ya zube, bakin azara ya ruɓe a cikin bango. Azarar ma ta itacen bakin teku ce, ba ta da tsawo, shi ya sa ɗakunan suke da tsayi amma ba faɗi. Ko Beit al-Ajaib wani sashensa ya rufta a Disamban 2020.

Ƙofofi kuwa, mai kusurwa huɗu da rubutun Larabci a sama ta Larabawa ce, mai baka da ƙusoshin tagulla ta Indiyawa.

Bayan magariba sai lambun Forodhani, inda ake gasa tsire da kifi ana matse rake. A tambayi kuɗi kafin a zuba, a kuma zaɓi ɗanyen kifi a gasa shi a gaban mutum. Watan Maris zuwa Mayu ruwa ake sheƙawa, lungu ya koma kwata.

Mako mai zuwa sai kunkurun tsibirin Changuu.