Kawu Ya Zo Duba Ni a Garin Caca

Ranar da na gaya wa Inna sunan garin da zan zauna a Amurka ba ta ce komai ba, don ba ta taɓa jin sa ba. Bayan kwana uku wani yaron unguwarmu mai yawan kallon finafinai ya je ya yi mata fashin baƙi, ya ce ai Las Vegas ba abin da ake yi a ciki sai caca da giya da rawa. Ta kira ni ɗaki ta ce, "Da cacar biza ka samu tafiyar nan, yanzu kuma garin caca za ka sauka?" Na sunkuyar da kai. Abokin da ya yarda ya karɓe ni a can yake zaune, ba ni da wani zaɓi.

A 2018 na sauka. Tun a filin jirgi na ci karo da abin da Inna take tsoro: injinan caca a jere kusa da wurin ɗaukar kaya, suna walƙiya suna kiɗa. Daga baya na same su a gidajen mai, har da shagunan cefane. Jihar Nebada ta halatta caca tun 1931, a kanta garin ya yi ƙiba, kuma baƙi wajen miliyan 40 ke shigowa kowace shekara. Aikina na farko wankin zannuwan gado ne a wani kamfani da ke yi wa otal-otal wanki, daga dare zuwa asuba. Da gangan na zaɓe shi don in yi nesa da teburin karta da kwalba. Da na tara ɗan abin da na tara sai na sayi mota na shiga ɗaukar fasinja, sana'ar da na tarar da Habashawa da yawa a cikinta.

Shekarar farko gangar jikina ce kawai a garin. Daga aiki sai ɗaki, ranar Juma'a masallaci, shi ke nan. In an kira daga Damagaram aka tambaye ni gari, sai in ce lafiya lau in sauya magana. Ta tagar ɗakina ina hango duwatsu a yamma, jajaye da farare, ban taɓa kawo wa raina cewa mutum na iya zuwa wurinsu ba. Na ɗauka ado ne irin na kalanda.

Wani ɗan Meziko da muke ninke zannuwa tare ne ya ce mini wurin sunansa Red Rock Canyon, kuma daga tsakiyar gari bai wuce rabin awa a mota ba. Na je ranar hutuna, cikin watan Yuli, da misalin sha ɗaya na safe, da ƙaramar gorar ruwa ɗaya a hannu. A bakin hanya akwai allo mai gargaɗi kan zafi. Na karanta na yi murmushi. Ni ɗan Damagaram, da na yi azumi a watan Mayu a gida, za a tsorata da rana?

Hanyar da na bi ana ce mata Calico Tanks, kamar kilomita 4 ce zuwa da dawowa. Tana farawa daga wata tsohuwar mahaƙar dutse, ta bi ta cikin rairayin ƙorama, sannan ta fara hawa tsakanin duwatsu masu launin jan kanwa. A ƙarshenta akwai kwarmin dutse da ke tara ruwan sama, in ka haura kaɗan sai ga garin gaba ɗaya shimfiɗe a ƙasa, manyan otal-otal ɗin nan sun koma kamar kwalayen ashana. Na isa lafiya. A dawowa ne jiki ya gaya mini. Iskar nan busasshiya ce ƙwarai, gumi na fita tana shanye shi, sai ka ga rigarka a bushe ka ɗauka ba abin da ka rasa. Ga dutsen ya ɗau zafi yana mayar maka da shi daga ƙasa, ga babu ko bedi ɗaya da za ka fake. Ruwana ya ƙare, kaina ya fara sarawa, ƙafafuna suna rawa. Wata tsohuwar Baturiya da ta kai sa'ar Inna, da sandunanta biyu da faffaɗar malafa, ita ta same ni a raɓe a gindin dutse. Ta ba ni ruwa da gyaɗa mai gishiri, ta zauna da ni har na dawo hayyacina, sannan ta yi mini faɗa sosai. Ta ce da bazara ana fitowa ne da asuba a koma kafin tara, kuma in ruwanka ya kai rabi ka juya, ko da saura taku goma ka kai. Na ce na gode, Mama. Girman kan da na hau da shi a can na baro shi. A ranar 7 ga Yulin 2024 zafin garin nan ya kai digiri 49, kuma duk fasinjan da ya ce in kai shi hawan dutse da rana tsaka a irin wannan lokaci sai na maimaita masa faɗan tsohuwar nan.

Duk da haka na koma, da sanyin Oktoba, na kuma komawa. A can na fara jin numfashina ya daidaita. Shirun wurin irin na dajinmu ne bayan an gama girbi. Da maiɗakina ta iso, cikin hunturu na kai ta dutsen Charleston, mai tsayin mita sama da 3,600, tafiyar awa ɗaya daga gida. Ta bar dabino a gari ta tarar da ƙanƙara tuli a gindin itatuwa. Ta dunƙula ta a hannu tana dariya, ta ce da a gida ne cikin azumi da mun yi arziki.

A Nuwamban 2022 Kawu ya zo. Ɗansa ya kawo wa ziyara a Greensboro, wani gari a gabashin Amurka, inda 'yan Nijar suke da yawa, amma na san Inna ce ta ce kada ya dawo bai ga inda nake kwana ba. Dattijo ne ɗan kasuwa, ya yi shekaru yana kai kaya Agadas da Arlit, kuma ba ya ɓoye abin da ke ransa.

Daren farko na kai shi babban titin da ake kira Strip, don in ban kai shi ba zai ce ɓoyewa na yi. Tsawonsa kusan kilomita 7 ne, kuma yamma ɗaya ta ishe shi. Na nuna masa hasumiyar Faris da aka kwaikwaya da rabin tsayinta, da dalar Masar ta baƙin gilashi. Yana tafe yana jan carbi, idonsa a ƙasa saboda shigar mutane. Sai a gaban otal ɗin Bellagio ya tsaya, inda ruwa ke tashi sama yana rausaya da kiɗa, kallo kyauta. Ya daɗe bai ce uffan ba. Can ya ce, "Ɗana, a hamadar nan ake wasa da ruwa haka? Mu kuma muna bin 'yan ga-ruwa."

Saboda wannan maganar washegari na kai shi madatsar Hoover, ƙasa da awa ɗaya daga gari. An gama ta a 1936, tsayinta mita 221, ta tare kogin Kolorado ta haifar da tafkin Mead, inda kusan kashi 90 cikin 100 na ruwan da muke sha ke fitowa. Na nuna masa farin zanen da ya zagaye duwatsun bakin tafkin, shaidar inda ruwa yake kaiwa a da. A shekarar nan tafkin bai kai sulusin cikarsa ba, har ja da bayan da ya yi ya tono wata ganga da gawar mutum a ciki. Na gaya masa a nan kowace unguwa tana da ranakun da aka yarda ta shayar da shuka, wanda ya saɓa a ci shi tara, hukuma kuma biyan mutane take su cire ciyawar ƙofar gida. Ruwan wanka da na wanki ana tace shi a mayar da shi tafkin. Wannan ya burge shi fiye da ginin. Abin da ya ɗaure masa kai agogo ne: tsakiyar madatsar ita ce iyakar Nebada da Arizona, da hunturu kuma awa ɗaya ke tsakaninsu. Ya tsaya ƙafa ɗaya nan ɗaya can yana tambayata da wane agogon za mu yi azahar.

Rana ta uku muka tafi Valley of Fire, kilomita 80 arewa maso gabas, wurin da na fi so duk yankin. Jan dutsen can in hantsi ya doke shi kamar garwashi. Akwai wani dutse da aka kafa wa matakalar ƙarfe, a samansa zane-zanen da mutanen farko na ƙasar suka sassaƙa shekaru sama da 2,000 da suka wuce: mutane, sawaye, da dabba mai lanƙwasasshen ƙaho. Kawu ya hau yana haki, ya kafe zanen da ido ya ce, "Ragon dutse ne wannan." Ya shiga ba ni labarin raƙuman dawan da aka sassaƙa a Dabus, kusa da hanyar Arlit, waɗanda ya gani tun ban san kaina ba. Ya ce ashe ko'ina ɗan Adam in ya zauna a inuwar dutse sai hannunsa ya yi ƙaiƙayi. A rairayin wurin muka yi la'asar, ya ja mu, iska tana kaɗa masa babbar riga.

Ranar da zai koma na ce bari mu bi ta Red Rock ya ga inda na kusa halaka. Daga Oktoba zuwa Mayu sai an kama lokacin shiga ta intanet, ni kuwa na manta, don haka muka bi titin da ya wuce ta gefensa. Kusa da wani ƙauye da ake kira Blue Diamond sai ga jakuna biyar a bakin kwalta, ƙosassu, suna kallon motoci. Kawu ya ce in tsaya. Ya tambayi ina mai su. Na ce ba su da mai su, jikokin jakunan masu haƙar ma'adinai ne da aka saki a daji, kuma tun 1971 dokar tarayya ta hana kama su, ko abinci ka ba su tara ce. Shi da ya ga yadda jaki ya yi tsada a kasuwanninmu saboda masu sayen fata, har gwamnati ta hana fitar da su a 2016, sai ya riƙe haɓa yana salati.

Nan take ya ciro waya ya danna wa Inna saƙon murya. Ya ce, "Yaya, ki kwantar da hankalinki. Garin dai yadda aka gaya miki haka yake, amma yaronki a bayan gari yake yini. Ga ni ga jakuna biyar ba mai su." Kafin mu kai filin jirgi amsarta ta shigo. Ba ta ce komai kan caca ba. Cewa ta yi a sake dubawa da kyau, jaki ba ya rasa mai shi, kada a ce mu muka kore su.