Kada hannunka ya riga idonka

Ƙannena da kuka zo Amurka karatu, kuke ɗan taɓa alƙalancin besbol a wasannin yara ranar Asabar don samun na cefane, ku zo ku ji yadda na sha kunya a shekarata ta farko.

Da halin ƙwallon ƙafa na shigo. A gida, in aka yi keta ka yi jinkirin busa usur, sai 'yan kallo su ce an saye ka. To, ran nan wani yaro ya doka ƙwallo ta lula sama, mai tsaron bayan fili ya sheƙa da gudu ya miƙa hannu, na ji ta ce tas a cikin safar fatarsa. Nan take na dunƙule hannu na ɗaga, alamar an cafke ƙwallo, don haka mai bugu ya fita. Hannuna na sama yaron ya yi tuntuɓe ya kife, ƙwallo ta gangara cikin ciyawa. Masu gudu kuwa, wato 'yan ƙungiyar mai bugun da ke zagaya fili don cin maki, tuni sun koma inda suka taso saboda alamata, mai bugun ma ya juya ya nufi benci. Kocinsa ya tako a hankali, bai ɗaga murya ba, ya tambaye ni ko na taɓa karanta ma'anar cafka a littafin doka. Ban taɓa ba.

A daren na karanta. Shigar ƙwallo cikin safa ba ita ce cafka ba. Sai ɗan wasa ya riƙe ta gam kafin ta taɓa ƙasa, ya nuna tana hannunsa sosai, kuma in zai rabu da ita ya zama da niyyarsa ya sake ta. In ya faɗi, ko ya yi karo da bango ko da ɗan'uwansa, ta suɓuce a dalilin haka, babu cafka, ko taku nawa ya yi da ita. Tarewa da hula ko aljihu ma ba a lissafa shi. Amma in ta daki safar wani ta yi tsalle, na kusa da shi ya cafe kafin ta sauka, wannan cafka ce lafiyayya.

Sai kuma na zarce gona da iri. Duk ƙwallon da na gani a ƙasa sai in baje hannuwa in ce ba a cafke ba. Wani yaro ya riƙe tasa tsaf, ya sa hannu zai zaro ta ya jefa, ta zame masa, na hana shi haƙƙinsa. Alhali doka ta ce wanda ya cafke, sannan ta faɗi garin jifa, cafkarsa tana nan. Abin da ya ɗan sanyaya mini rai shi ne, manya ma sun taɓa rikicewa a kan wannan gaɓa: a farkon kakar 2014, shekarar da babbar gasar besbol ta Amurka, MLB, ta faɗaɗa duba bidiyo, an tsaurara fassarar har 'yan wasa suka yi ta ƙorafi, kafin watan Afrilu ya ƙare aka sassauta.

Mafi wuya ita ce ƙwallon da ke sauka dab da ƙasa, ɗan wasa ya yi sufa ya kife safa a kanta. Ta taɓa ciyawa ne ko ba ta taɓa ba? A nan wani dattijon alƙali, wanda ya fi shekara 30 a fili, ya gyara mini zama. Ya ce in kana gudu, idonka ma gudu yake, ba abin da za ka gani daidai. Ka tsaya cak kafin ƙwallo ta iso, kuma ka nemi gefe inda za ka hango tsakanin safa da ƙasa, ko da ka yi ɗan nisa. Wanda ya tsaya a bayan ɗan wasa, gadon bayansa kawai zai gani.

Ku dai ba bidiyon da zai cece ku a filin yara. Ni yanzu, ko da iyaye na ihu a bayan shingen waya, hannuna na manne da cinyata har sai yaron ya miƙe, na ga ya sa hannu da kansa ya ciro ƙwallon daga safa, ko ya ɗaga ta ya nuna mini. Sannan nake magana.