Gidan da ya iso a bayan tirela

Filina yana Tumfure, a gefen garin Gombe, na saye shi tun 2019, kuma shekara huɗu ba abin da ke cikinsa sai ciyawa da awakin maƙwabta. Wani abokin aikina ne ya nuna min irin gidan nan da ake ƙera sassansa a masana'anta: ginshiƙan ƙarfe, allunan bango masu soso a tsakiya, rufi, ƙofofi da tagogi, a loda a mota a zo a ɗaure maka da noti. Ashe ma tsohon yayi ne, don a Amurka kamfanin Sears ya fara sayar da irinsu tun 1908, jirgin ƙasa ke kai wa mutum gidansa gunduwa-gunduwa. Ni dai sauri ne ya ja ni, haya ta ishe ni.

Yadda kuɗin ke fita ne ban hango ba. Ginin bulo yana haƙuri da talaka. Albashi ya shigo, ka sayi buhu goma na simintin Ashaka, a buga bulo, ka jira wata mai zuwa. Ka kai linta ka huta shekara guda, ba mai ce maka ƙala. Wannan kuwa a dunƙule yake son kuɗinsa. Kamfanin da muka yi ciniki da shi a Legas ya ce sai na ba da kashi 70 kafin su yanka ƙarfe, cikon kuma kafin mota ta tashi.

Na fara tunanin asusun gidaje na ƙasa, NHF, tunda ana cire min kashi 2.5 na albashi duk wata. Rancensa ruwan kashi 6 ne, ana iya biya har shekara 30, amma sai da takardar mallakar fili da zanen gini mai hatimi. Ni kuwa takardar ciniki ce kawai a hannuna, da sa hannun mai unguwa. Ga kuma maganar ruwan. Baba bai tsawaita ba, cewa ya yi, "Kai ma ka san hukuncinsa."

Sai na yi haɗe-haɗe. Ƙungiyar haɗin kai ta wurin aikinmu ta yarda ta sayi kayan ta sayar min bisa murabaha, riba ƙayyadaddiya, ana cirewa daga albashi. Na roƙi 'yan adashinmu suka matso min da kwasata, uwargida kuma ta ranta min kuɗin sarƙarta, har yanzu tana tuna min cikin raha.

Jinkirin tattara wannan ne ya cuce ni. An ba ni farashi a watan Mayun 2023, a Yuni gwamnati ta saki naira, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta wuce 700 a hukumance. Allunan daga waje ake shigo da su, sai aka sake min lissafi. Da na sani, da na sa an rubuta wa'adin farashin a yarjejeniya, na kuma ba da kafin alƙalami tun ranar. Dole na rage yawan ɗakunan.

Kuma kuɗin kayan ba shi ne kuɗin gida ba. Tushe da daɓen kankare, sokawe, wayarin, famfo, kuɗin tirela daga Legas zuwa Gombe, masauki da abincin masu haɗawa, duk a wuyana suke, sun ci kusan sulusin abin da na biya kamfanin. Ban ware musu ko kwabo ba, babur ɗina ne ya tafi a kansu.

Haɗawar kanta kwana 16 ta ɗauka, muka tare ana saura mako biyu azumi. Katanga ce ta rage, ita kam da bulo nake yin ta, buhu biyar duk ƙarshen wata.